Tambaya da Amsa: Ƙanena zai zuba gadonmu a harkar fim

Tambaya: Malam, ƙanena ya dage sai mun sayar da filin da muka gada a Rigasa ya shirya fim. Wai harkar ta zama masana'anta, da an gama ɗauka kuɗi za su dawo. Hankalina ya ƙi kwanciya. Yaushe ta samu wannan tsari, kuma wa ke kare mai zuba jari? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, ki dakata da sa hannu tukuna. Tsari kam akwai. Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo abin ya taso, irin su Tumbin Giwa da suka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, bayan su Samanja da Kasimu Yero sun riga sun saba wa jama'a da kallo a talabijin ɗin Kaduna. A 1993 aka kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa, a 1999 mujallar Fim ta fara fitowa, a 2001 Kano ta kafa tata hukumar. Sai dai hukumar tacewa abin da ke cikin fim take dubawa, babu ruwanta da ko jarinki ya dawo.

Wannan magana ta "da an gama ɗauka kuɗi za su dawo" ita ke cinye dukiyar mutane, kuma kullum sai an maimaita ta. Kuɗin fim a hannun mai rarrabawa suke, tun ran gini tun ran zane. Ko a Amurka, da fari sayar da fim ake yi da awon ƙafa kamar yadi, sai da dillalai masu ba gidajen kallo haya suka fito sannan harkar ta zauna. A nan, zamanin kaset, furodusa kwalin da ake saka kaset a ciki yake bugawa ya kai wa 'yan kasuwa, su su kwafi kaset ɗin da kansu, shi kuwa kuɗin kwalin da aka sayar ne rabonsa. Idan aka ce masa kwali ya yi kwantai, da me zai musa? Babu rasit, babu lissafi, sai "ka dawo mako mai zuwa". Da faifan CD ya zo, sai aka koma sayar da haƙƙin kacokan, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa kasuwar.

Yau YouTube da gidajen talabijin ne kasuwar, amma ramin yana nan. Sabuwar tasha ba ta samun kason talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan kashi 55 cikin 100 ne nata. Saboda haka sabon furodusa kan ɗora fim ɗinsa a tashar wani da yarjejeniyar baka. Kuɗin kuwa asusun mai tashar suke shiga, shi kaɗai ke ganin alƙaluman. Ga kuma 'yan kayi-nayi masu cewa sun san mutane a Kano, a ba su kuɗin fom da na shigarwa. Wace hukuma ce ke karɓar kuɗi a asusun mutum ɗaya? A ce wai neman takarda rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka!

Kafin a taɓa filin, ƙanen naki ya kawo miki rajistar kamfani ta CAC, da kasafin da ya haɗa da tacewa da talla, da yarjejeniya da wanda zai nuna fim ɗin: a wace kafa, na tsawon wane lokaci, kaso nawa, ranar biya, da ikon ganin lissafi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da cinikin haƙƙi ba sai a rubuce, don haka marubuci da mawaƙi su ma su sa hannu, in ba haka ba mai waƙa zai iya kai ƙorafi YouTube a karkatar da kuɗin tallar gare shi.