Ke da kike cewa ba kya gama lesin not a ajin nazare

Wa alaikissalam ƙanwata, sannu da fama. Na ji saƙonki, kin ce tunda aka ba ki ajin 'yan shekara 3 ba ki taɓa gama abin da kika rubuta a lesin not, wato tsarin darasin da za ki koyar, ba, rabin safiya a lallashi da kai yara bayi yake ƙarewa, iyaye sun dame ki da maganar homwok, in kin koma gida kuma ɗanki ko ruwa ya ce ki ba shi sai kin daka masa tsawa, shine kike tambaya ko dai ke ce ba ki iya ba.

Toh ki saurara. Wannan lallashin da kai bayin da kike gani kamar suna cinye miki lokacin aiki, su ne aikin a wannan ajin. Lesin not ki rubuta shi tsaf saboda shugabar makaranta za ta duba, in 'yan SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, sun zo ma shi za su fara tambaya, amma ɗan shekara 3 in ya zauna miki minti 10 yana saurare ki gode Allah. A kwaleji an koya muku ka'ida kin samu NCE ɗinki, takardar shaidar koyarwa, madalla, tsarin ilimi na ƙasa ma cewa ya yi malama ɗaya yara 25 a nazare, ke kuma ki ƙirga nawa ne a gabanki ki faɗa min. Don haka ki daina auna kanki da takarda.

Fara da bakin ƙofa. Ki riga yara zuwa, ki tsaya nan ki karɓi kowa da sunansa, ki durƙusa idonki ya zo daidai nasa. Mai kuka kar ki fizge shi daga jikin uwarsa, kuma kar ki bari ta sulale ta gudu yana kallon wani wajen, wallahi wannan ne ke sa gobe ya ƙanƙame ta tun daga gida don ya gane ana yaudararsa. Ta yi masa sallama ta ce za ta dawo in an tashi, ta tafi, kar ta tsaya leƙe ta taga. Ke kuma ki ba shi abin yi a hannu, ko ya riƙe miki dasta ko ya jera miki takalma. Yawancinsu kafin a gama addu'ar safe sun yi shiru. Wanda ya kai sati biyu uku bai daina ba ki zauna da uwar, sau da yawa za ki tarar an yi masa ƙani ne ko an yaye shi kwanan nan ko kuma ba ya karyawa kafin ya fito.

Bayi kuma ki sa masa lokaci, kar ki jira sai sun tambaya don kafin ya buɗe baki ya riga ya sake. Bayan an shigo, kafin tara, bayan an ci abinci, layi-layi ke da nani, buta da sabulu a ƙofa. Ki ce kowace uwa ta sa wando na canji a jaka. Yaro ya yi fitsari a wando ki ja shi gefe ki gyara shi shiru, kar ki kuskura ki bari 'yan aji su yi masa ele, na ga yaron da ya koma riƙe fitsari har a tashi saboda dariyar rana ɗaya.

Lokacin tara ki zauna a tabarma tare da su, nan ne za ki san gidajensu. Wannan indomi da ƙwai da Bobo, na kusa da shi ɗumamen tuwo, wani kuma ba komai sai ruwa a gora yana ta kallon hannun mutane. Ni dai ina ajiye biskit a durowa, ban taɓa sanarwa ba, miƙawa kawai nake. A nan suke koyon bismillah da ci da dama da jiran layi da cewa na gode, kuma a nan bakinsu ke buɗewa, wanda bai taɓa amsa miki a gaban allo ba sai ki ji yana ba ki labarin akuyarsu ta haihu. Ki biye masa da Hausa, ki tambaye shi 'ya'ya nawa, wane kala. Ga lissafi nan ga kaloli kin koyar. Na san masu makarantun kuɗi Turanci suke so su ji don shi iyaye ke biya, toh ki faɗa da Hausa ki maimaita da Turanci, amma yaron da ke kuka da harshen uwarsa ake lallashinsa.

Maganar homwok ita ce ta fi ba ni haushi. Uwa ta biya kuɗin makaranta tana so ta ga littafi cike da 1 zuwa 50, in ba ta gani ba ta ce ba a koyar da komai. Yatsun ɗan shekara 3 ba su yi ƙwarin riƙe fensir su bi layi ba, in kin matsa sai dai ki kama hannunsa ki rubuta, ko a gida yayarsa ta rubuta masa, kowa yana yaudarar kowa. Ki ba su yashi a faranti su ja layi da yatsa, su yaga takarda, su mulmula laka, su tsinci murafun lemo suna warewa ja daban kore daban, sai alli da kala masu kauri. Wake da ƙananan duwatsu kar ki ba su, sai a hanci ko kunne. In mai makaranta ta dage sai an ba da aikin gida, ki ba da shafi ɗaya na fenti ko ki ce su zo da ganye uku. Bahago kuma ki bar shi ya yi rubutu da hagunsa, cin abinci ne za ki nuna masa dama.

In an yi cizo ko an faɗi an kurje, ke za ki fara faɗa wa uwa kafin ta gani da idonta wajen wanka, kuma ba sai kin ambaci ɗan wa ya yi ba. Jiki da zafi ki kira gida, kar ki ba ɗan mutane magani da kanki ko da farasitamol ne, musamman lokacin zafi da ƙyanda da sanƙarau ke yawo. Da an tashi kuma yaro ba ya bin kowa sai wanda iyaye suka nuna miki, ko ya ce shi kawunsa ne, ko sabon mai adaidaita ne, ki kira waya tukunna. Tun abin da ya faru da Hanifa, yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a ƙarshen 2021 aka gano gawarta a farkon 2022, iyaye ba sa wasa da wannan, kuma suna da gaskiya.

Sai gida. Haƙurin mutum guda ne, kin rabar da shi tun safe ga 'ya'yan wasu, naki ya zo ya tarar da ƙanzo. Abin da nake yi, in na shigo ba na wucewa kicin. Na cire kayan makaranta na wanke hannu da fuska kafin na ɗauki kowa, don majinar aji guda ce a jikin hijabin nan, na yi azahar, na zauna ƙasa ɗan lokaci su hau ni su gama surutunsu, sannan girki. Miya ranar Asabar nake yin mai yawa, lesin not na sati kuma daren Lahadi, in ba haka ba kullum kina kan takarda maigida na magana kina uhm uhm. Ki rage ɗaga murya a aji, tafi ko waƙa sun fi tsawa tara yara, muryarki ma ta huta. Kar ki yarda a sa ɗanki a ajinki in ya isa shiga, ko ki fifita shi ko ki takura masa don kar a ce. Labarin 'ya'yan mutane ki bar shi a makaranta, wane ba ya zuwa da abinci, wance iyayenta sun rabu, ba na hira da maƙwabta ba ne, hotonsu ma kar ki ɗora a WhatsApp sai da izinin iyaye.

Ki turo min jadawalin ajin naki in gani, ina zargin sun cusa muku darasi biyar kafin tara, in haka ne sai mu san yadda za ki yi wa shugabar taku magana ba tare da ta ga kamar kin raina ta ba. Ki gaida yaron da babansa.