Amsa daga Makka: na'ura tana aike, malami ke fatawa

Malam, gaisuwa daga 'yan'uwanka Hausawan Makka, mazauna Shari'u Mansur da Hindawiyya, da fatan mutanen Tudun Wada suna lafiya. Ka tambaya ko gaskiya ne mutum-mutumi ke ba da fatawa a Harami, kuma yaya muke ji da ƙirƙirarriyar basira, tunda a Kaduna ka ce wasu na danganta ta da Dujal.

Na'urar tana nan tun 2021. Tayoyi huɗu gare ta, da allon taɓawa mai inci 21, tana aiki da harsuna 11, har da Hausa. Takan nuna wa alhaji yadda ake umara, amma idan tambaya ta yi nauyi sai ta haɗa shi da malami mai rai daga nesa. Ɗan aike ce kawai, shi ya sa dattawanmu ba su ɗaga murya a kanta ba, kamar yadda ba su damu da na'urorin da ke raba gorunan zamzam ba.

Inda ake ja da baya shi ne ChatGPT da ire-irensa. Ba tsoron ƙarfe ba ne. Tambayar da za ka ji a majalisarmu ita ce: idan ya yi kuskure, wa zai amsa a gaban Allah? Aya ta 43 a Suratun Nahli ta ce a tambayi ma'abota sani, malamanmu kuma sukan tuna maganar Ibn Sirin cewa ilimin nan addini ne, a duba daga wa ake karɓarsa. Wannan abu ba shi da malami, ba shi da ijaza. Aikinsa hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, don haka yana iya ƙera hadisi da Larabci mai daɗi, ya lanƙaya masa lamba, alhali babu shi.

Matasanmu suna amfani da shi, amma da ƙa'ida. A nemi lafazin Larabci cikakke, da sunan sahabin da ya ruwaito, da littafi da babi. Lamba kaɗai ba ta isa ba, domin takan bambanta daga bugu zuwa bugu. Sai a kwafi kalmomi uku ko huɗu daga tsakiyar matanin a bincika a shafin hadisai na Durarus Saniyya ko manhajar littattafai ta Maktabatus Shamila. In ba a samu ba, a watsar. In an samu, a duba hukuncin malaman hadisi a kansa kafin a tura wa kowa a WhatsApp.

Ku a Kaduna akwai tarko biyu da mu ba mu cika faɗawa ba. Na farko ƙira'a. Nan Hafsu ake karantawa, kuma yawancin manhajojin gyaran karatu da shi aka horar da su. Almajirin da ya tashi da Warshu zai karanta "Maliki yaumid din" ba ja, na'urar ta ce ya yi kuskure, alhali daidai ya yi. Lambobin ayoyi ma sukan goce: ƙidayar Kufa 6,236 ce, ta Madina da ke cikin mus'hafin Warshu 6,214. Na biyu mazhaba. In ba ka ce wa ChatGPT Malikiyya kake so ba, zai gauraya maka zantukan mazhabobi, ya bar ka cikin ruɗani a kan alƙunutin Asuba ko ƙabli da ba'adi.

Abubuwa biyu ba ma kai masa ko kaɗan: saki da rabon gado. Saki yana rataye da lafazin da aka furta da niyya da halin da ake ciki, sai an zaunar da mutum an yi masa tambayoyi. Gado kuwa, ɗauki mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu. Miji rabi, su kuma kashi biyu bisa uku, sai kason ya wuce dukiyar. Asali 6 ne, a yi auli, wato a ƙara asalin don kason kowa ya ragu, ya koma 7, miji 3, su 4. Wannan zai iya lissafawa. Amma in mai tambaya ya manta bai ambaci mahaifin mamaciyar ba, wanda ke katange 'yan'uwan gaba ɗaya, na'urar tana iya ba da amsa ba tare da ta tambaye shi ba, a ci haƙƙin mutum.

Hoton mutum da ake sa ChatGPT ya zana, a nan ra'ayi ya rabu, dattawa sun fi ƙyamarsa saboda hadisan zanen mai rai. Abin da ba mu taɓa jin wani ya kare ba shi ne kwaikwayon muryar malami, musamman wanda ya rasu, a sa masa maganar da bai yi ba. Idan sautin wani malamin Masallacin Sultan Bello ya iso wayarka da fatawa baƙuwa, nemi cikakken karatun da ranar da aka yi shi wurin almajiransa kafin ka yaɗa.