Albashi mai tsoka ko zama ƙarƙashin gwani?

Ɗana, ka ce masana'antu biyu masu harhaɗa kayan lantarki a Legas sun kira ka, yanzu da ka kammala difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi. Ɗaya albashinta ya fi tsoka, amma kai kaɗai za a sakar wa layin haɗa inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ɗayar kuɗinta bai kai ba, sai dai za ka zauna ƙarƙashin wani manajan aiki da ya daɗe a harkar. Burinka kai ma ka riƙe aiki wata rana, shi ne kake tambaya ina za ka dosa, ga kuma kuɗin haya a Legas da ka ce yana damunka.

Je ka wurin dattijon. Ga dalilina.

Abin da ka koya a bencinmu na gyaran kayan lantarki da ke Wunti aikin hannu ne, kuma ka iya. Ka san dalmar da muka saba da ita wajen liƙa wayoyi tana narkewa a digiri 183 a ma'aunin Selsiyos, sabuwar da masana'antu suka koma wa bayan Tarayyar Turai ta taƙaita gubar dalma a 2006 kuwa sai wajen 217. Ka san in hunturu ya kama, iska ta bushe, wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya kashe aisi, wato ɗan ƙwayar nan da ke sarrafa aikin na'ura, ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Duk wannan yana cikin littafi. Aikin manaja kuwa rabinsa ba a rubuce yake ba, domin shi da ranar miƙa kaya yake fama, da kuɗi, da mutane, da kayan da har yanzu suna kan teku.

A ce an haɗa fanel 500, wato allunan da ake liƙa ƙananan kayan lantarki a kai, ana gobe za a loda mota, sai mai gwaji ya gano kafasita ɗaya, 'yar na'urar da ke tara wuta, tana zafi fiye da kima a wasu daga ciki. A tura, ko a tsayar? In an tsayar, wa zai gaya wa mai kaya? Sabon shiga yakan yi shiru yana fatan abin ya wuce. Wanda ya ga jiya kuwa, zai ɗauki waya ya kira mai kayan tun kafin shi ya kira, ya faɗi matsalar, ya faɗi sabuwar rana, ya ware fanel ɗin da suka fito daga ƙunshin kafasita guda don kada a warware duka. Irin muryar da yake magana da ita, da abin da ya ƙi yin alkawarinsa, sai kana zaune kusa za ka ɗauka. Haka in an miƙa masa jerin kayan aiki, ba farashi yake fara dubawa ba, yana neman wanne ne kamfani ɗaya tak ke yi. A 2021, da ƙarancin aisi ya game duniya, an yi ta jiran wasu har kusan shekara, manyan kamfanonin mota ma suka tsayar da layi saboda abin da bai kai farce girma ba.

Manyan harkar ma haka suka taso. Andy Grove ɗan gudun hijira ne daga Hungary. Ya shiga Fairchild, kamfanin ƙera aisi a Amurka, a 1963 ƙarƙashin Gordon Moore, ya bi shi zuwa Intel, kamfanin aisi da su Moore suka kafa, a 1968, sai a 1987 ya zama shugaban kamfanin. Lissafa shekarun da kanka. Da ya samu iko, ya nace kowane manaja ya riƙa keɓe lokaci da na ƙasa da shi su biyu, kuma na ƙasan ne zai zo da abin da za a tattauna. Shi kuwa Konosuke Matsushita, wanda ya kafa kamfanin da ya zama Panasonic a 1918, yaron shago ne a Osaka tun yana ɗan shekara tara, kuma an san shi da cewa kamfaninsa mutane yake fara ƙerawa kafin kaya.

Akwai kuma abin da matasa ba ku cika lura da shi ba. Ranar da za a raba sabon aiki, ba ka cikin ɗakin. Takardarka ba ta magana. Sai wani da ake jin maganarsa ya ce, "Ku ba yaron nan, na ga yadda ya yi da matsalar kafasita."

Sai dai ba kowane mai furfura ne malami ba. Ka san masu gyaran da in sun zo daidai inda cutar take sai su juya wa yaro baya, ko su aike shi sayen ruwa. A ofis ma akwai su, sun sa kwat ne kawai. Don haka kafin ka sa hannu, nemi ka ga mutumin ido da ido. Bincika ina yaran da suka zauna ƙarƙashinsa suke yanzu: in shekara da shekaru suna nan inda ya same su, to akwai magana. Tambayi ma'aikatan layi ko yana shiga taro da yaransa, kuma in aiki ya ɓaci, sunan wa yake kira a gaban manya.

In ka same shi yadda ake so, kada ka zauna jiran ya kira ka. Riƙe ɗan littafi, ka rubuta duk hukuncin da ya yanke, in an tashi ka tambaye shi me ya sa. Labari marar daɗi ka kai masa da safe, kada ka bari sai yamma. Kuma ba komai nasa za ka kwafa ba. Wataƙila ka fi shi sanin sababbin manhajojin tsara aiki, ka nuna masa cikin ladabi.

Maganar kuɗin haya a Legas gaskiya ce, ban raina ta ba. Ka zauna da mahaifinka ku yi lissafi, in albashin zai riƙe ka ko da ƙyar ne, ka amsa musu kafin Juma'a.