Amsa ga mai tambaya kan Fijo 504 ɗin mahaifinsa da tsatsa ta kama

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka ce Fijo 504 ɗinsa tana ajiye a gindin darbejiya a gidanku na Tudun Wadan Zariya tun bayan rasuwarsa, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofinta, 'yan gwangwan sun matsa maka da tayi, kana tambaya ko za ta tasu, kuma ko ka fara da neman inji. Na tayar da irinta, har yau kuma da ita nake zuwa Kaduna idan tafiya ta kama, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuto maka a tsanake.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a gama maganar gado. Idan motar tana cikin dukiyar da ba a raba ba, a kira wanda ya san kan mota ya yi mata kuɗi a yadda take yanzu, da tsatsarta da komai, ta faɗo a rabonka ko ka biya sauran magada, a gaban shaidu. Yau babu mai kallonta, amma ranar da ta fito da sabon fenti kowa zai tuna cewa ta Baba ce. Ka kuma nemo takardunta, ka duba lambar jikin motar da ta inji ko sun dace da abin da ke rubuce, don za ka buƙace su ranar sabunta takardu.

To, batun inji kuwa, ka ajiye shi a gefe tukuna. Injin 504 ba ya wahalar samu a ƙasar nan. An fara fitar da motar a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, can suka daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta soma harhaɗa Fijo a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Gwamnati ta yi amfani da ita, malaman jami'a na Samaru da Kongo sun hau ta, direbobin tasha sun yi Zariya zuwa Kano da Funtuwa da wagon ɗinta har suka gaji. Injin nan mai 1971 cc ma an sa shi a 505 da yawa. Saboda haka inji, giya, kafireta, duk ana samu, kuma akwai tsofaffin makanikai a Sabon Gari da za su kwance shi su ɗaura ido rufe. Abin da ke wuyar samu a kasuwa shi ne lafiyayyen jiki. Salun 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota wanda ake ɗora gida a kansa. Jikin shi ne ƙashin bayanta, a jikinsa aka ɗaure ƙafafu da inji da komai. Idan tsatsa ta ci inda ke ɗauke da nauyi, ko sabon inji dal ka sa mata ba ka da mota.

Ga abin da za ka yi a ƙarshen makon nan, ba kuma zai ci maka ko sisi ba. Ka samu sukudireba babba, tocila, da ɗan maganaɗisu. Ka fitar da kujeru, ka ɗaga kafet da ledar da ke ƙasa gaba ɗaya. Ni da na ɗaga na tawa, ta gefen direba ƙarfen ya yi kyau a ido, ja-ja kawai, amma ina danna sukudireba sai ta nutse har mariƙi, na leƙa na ga ƙasar tsakar gida. Ruwa ne yake shiga ta robar gilashin gaba da ta bushe ta tsage, ya gangaro ya kwanta a ƙarƙashin kafet, damina bayan damina. Ka bi ko'ina da dannawa: inda ake taka ƙafa gaba da baya, dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, kewayen gilashin gaba da na baya, ƙasan but, mazaunin batir inda ruwan batir ke zuba, da saman shokabzoba na gaba idan ka buɗe bonet. Sannan a ɗaga ta, a tokare ta da kyau, kada ka yarda da jak shi kaɗai, ka shiga ƙarƙashi ka duba inda ƙafafun baya suka kama jiki. Mota da ke gindin bishiya tana da ƙarin matsala, don ganye kan cika magudanar da ke ƙasan gilashin gaba da ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi, ya riƙe laima har cikin rani. Ina kyautata zaton abin da ya ci ƙofofinka ke nan.

Ruɓewar ƙofa, bonet, marfin but ko fenda ba abin damuwa ba ne, ana kwancewa a sa wasu. Ƙasan mota ma ana yankewa a sa sabo. Inda nake cewa mutum ya tsaya ya yi tunani shi ne idan saman shokabzoba da mazaunin ƙafafun baya da ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi duk sun tafi tare. A nan gaskiya gara ka nemi wani jikin mai lafiya, ka kwashe abin da ke da amfani daga ta Baba ka mayar can: sitiyari, kujeru, dashbod, inji. Na san zuciya ba za ta so ba, amma motar da za ka ɗauki iyali a ciki ka hau titin Kaduna ba a yi mata kara.

Maganaɗisun kuma na gano bodi fila ne, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki ya faɗo, an taɓa cika wurin da fila, kuma ba ka san abin da ke ƙarƙashi ba sai an kankare.

Fila ita ce ta kashe yawancin tsofaffin motocin garin nan, kuma a kanta za ka fi samun saɓani da mai gyaran jiki. Za ka kai masa ƙofa mai huji, ya cusa raga ko guntun kwano ta ciki, ya shafe da fila, ya goge da samfefa, mai fenti ya fesa. Ranar da za ka ɗauka sai ka rantse daga kamfani take, kyan ɗan maciji. Damina ɗaya ko biyu fentin zai fara ƙuraje, ya kumbura, ya fashe, ka tarar hujin ya ninka. Dalili kuwa, fila tana shan laima, tsatsa kuma ƙarfe ne da ya haɗu da ruwa da iska, muddin an bar ta a ƙarƙashi ci gaba take yi. Ba ta da magani sai a yanke har inda ƙarfe ke ƙyalli, a yanko sabon falle mai kauri daidai da na motar, wajen milimita ɗaya, a buga shi ya ɗauki siffar wurin, a yi walda. Aikin fila shi ne gyara 'yar lotsawar da ta rage bayan walda, shafi siriri. Inda tsatsar ta tsaya a sama ba ta huda ba, a goge da burushin ƙarfe, a shafa maganin tsatsa irin mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ita baƙa, sannan a rufe da fentin farko tun ranar. Ƙarfen da aka kankare aka bari ya kwana a watan Agusta, da safe za ka same shi ya yi ja.

Wanda ya yi mini nawa dattijo ne, yana da guntun ƙarfen layin dogo a gaban rumfarsa, a kansa yake buga falle. Sai ya yanki kwali ya kwaikwayi siffar wurin, ya ɗora a kan ƙarfe ya zana da alli, ya yanka, ya yi ta bugu yana gwadawa. Wajen walda ba ya jan wuta a miƙe. Ɗigo yake yi nan, ya tsallaka can ya ɗiga, ya jira ya huce, don zafin waldar gas yana murɗa siririn ƙarfe, ƙofa ta ƙi rufuwa daidai. Irinsa za ka nema. Kada ka tambayi mai gyara ko ya iya, kowa zai ce ya iya. Ka ce ya nuna maka motar da ya yi wa aiki shekara uku da suka wuce, ka je da maganaɗisunka. Kuma kafin a kunna wuta kusa da motar a sauke tankin mai gaba ɗaya a kai shi nesa, ko da ya shekara goma babu fetur a ciki. Tururin da ya rage a tanki ya fi man kansa haɗari.

Kada ka yarda a wargaza motar duka rana ɗaya. Duk garejin da ka shiga daga Kwangila zuwa Ɗan Magaji za ka ga gawar mota a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikinta, kuma kusan labarinsu ɗaya: mai ita ya zo da zafinsa, aka kwance komai, kuɗi suka yanke, yaran gareji suka riƙa zarar kaya ana sa wa wasu motoci. Idan kana da fili a gida, a yi aikin jiki a gida, a ƙarƙashin rumfar kwano. Tamfol da aka lulluɓa har ƙasa yana tara gumi, ya fi barinta a buɗe illa. Duk abin da aka kwance ka ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa, ka zuba notinansa a leda ko gwangwanin madara, ka rubuta sunan wurin. Ƙananan abubuwa irin su mariƙin ƙofa, fitilun baya, zakin gaba da ƙarafunan ado masu ƙyalli, ka kulle su a ɗaki, don sun fi inji wuyar samu yanzu. Biya kuma kashi-kashi: a gama ƙasan mota ka gani ka biya, a shiga ƙofofi. Kada ka ba da kuɗin aiki duka a gaba, ko da ɗan'uwanka ne.

Kayan gyara, ka fara da Sabon Gari, abin da babu ka gangara Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a hannunka ka gwada, don 504 kala-kala ce, ta farkon fitowa da ta ƙarshen Kaduna ba komai nasu ne ɗaya ba, ƙafar bayan salun da ta wagon ko a-kori-kura ma sun bambanta. Idan ka ci karo da wata da ta yi haɗari ko injinta ya mutu amma jikinta na da kyau, ka saye ta sukutum idan da hali. Ta fi sayen kaya ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba.

In jiki ya samu, sai a waiwayi inji. Roƙona ɗaya, kada wani ya zo da batir ya ce bari a gwada tayarwa. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, a sa sifana a juya injin da hannu. Idan ya juya, alhamdu lillahi. A zubar da tsohon mai, a wanke tanki da kafireta, don fetur da ya daɗe yana zama danƙo ya toshe ko'ina. A buɗe gidan iska, ni sheƙar ɓera na tarar a nawa, kuma ɓeran da ya kwana a nan ya ci waya, saboda haka mai wayarin ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa wuta. Kan injin 504 na alminiyom ne, silindojinsa kuma irin waɗanda ake zarewa ne, ruwa na zagaye su kai tsaye. Idan an shekara ana zuba ruwan rijiya a lagireto, sai ka tarar ya ci kan, ko ruwa na haɗuwa da baƙin mai. Amfanin wannan tsari shi ne ana iya sa sababbin silindoji da fistin inji ya dawo kamar sabo. Bayan gyara ka riƙa sa ruwan lagireto na gaskiya.

Na ga wasu sun ba ka shawarar ka jefa mata injin Toyota saboda tsadar mai. Ban ce su yi shiru ba, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa na lissafin lita, kuma 504 mai kafireta tana sha. Amma ni ban goyi baya ba. Farfelar 504 a cikin bututu take tafiya daga giya zuwa baya, haɗa ta da baƙon inji da giya sai an yi yanke-yanke da ƙirƙire-ƙirƙire, sau da yawa a ƙare da gyaran gangar Abzinawa. Idan motar zirga-zirgar kullum kake nema, kuɗin da za ka kashe a nan zai saya maka ƙaramar tokumbo. Wannan ta zuwa Juma'a ce, da ɗaurin aure, da ziyarar 'yan'uwa, a bar ta da injinta.

Birki ba a yi masa kwaskwarima. Man birki yana jan laima, bututun ƙarfe na ruɓewa daga ciki, robobi na bushewa, a canja su duka. Tayoyi ma haka, ko da zanensu bai goge ba. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ka duba kafin ka saya.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an gwada ƙofofi da bonet sun zauna daidai. Kada a fesa a fili lokacin hunturu, ƙurar Disamba da Janairu za ta manne a jiki, kada kuma a fesa a tsakiyar damina. A samu rufaffen wuri, a yayyafa ruwa a ƙasa. Ƙarƙashin motar da cikin ƙofofi su ma a shafe su, a buɗe ramukan fitar ruwa, a sa sababbin robobin gilashi. Launinta na asali yana nan a cikin but ko ƙarƙashin kafet inda rana ba ta taɓa ba, a nan za a gwada.

Ka sa a ranka aikin shekaru ne, gwargwadon abin da ke shigo maka, kuma abin da za ka kashe zai iya wuce abin da za a saye ta. Ka ware abin da za ka iya duk wata ba tare da an taɓa cefanen gida ba. Ka ce wa 'yan gwangwan su dakata, ka ɗaga kafet ɗin nan, ka turo mana hoton ƙasan direba, saman shokabzoba biyu, mazaunin batir da ƙasan but. In na gani zan gaya maka ko ta gyara ce ko ta neman wani jiki, in kuma hoton bai nuna ba, ina Gyallesu, sai in leƙo ranar Asabar bayan la'asar mu duba tare.