Tambayi Malama: Darasin Gado, Sikila da Maganar Biri

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata sakandaren 'yan mata a Jihar Katsina, ɓangaren kimiyya. Wannan zangon mun shiga darasin gado da na juyin halitta a bayoloji, kuma abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, malaminmu ya zana a allo cewa idan mai AS ya auri mai AS, ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai zo da sikila. To yayata da mijinta duk AS ne, 'ya'yansu uku, biyun farko duk masu sikila. Lissafin ne ba daidai ba ko gwajin? Na biyu, ƙawayena sun ce darasin Darwin kafirci ne domin ya ce biri ne kakanmu, har wasu ficewa suke yi daga aji in an fara. Ina son in zama likita. Ina tsoron faɗuwa WAEC, ina kuma tsoron saɓa wa Allah. Yaya zan yi?
Ɗalibarki daga Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba 'ya'yan yayarki lafiya, ya ba iyayensu ladan jinya. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin in ɗauki biro, saboda tambayarki ta farko ta taɓa mini tsohon miki.

Ina da ƙane da ya rasu yana ɗan shekara tara. In hunturu ya shigo, gidanmu ba a barci. Ya riƙa kuka yana riƙe da gwiwa da ƙugu, idanunsa sun yi rawaya, mahaifiyarmu tana gasa masa jiki da tsumma da ruwan zafi har asuba. Kafin shi an rasa biyu tun suna goye, mutanen unguwa suka ce wabi take yi. Ciwonsa kuwa amosani aka kira shi, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Sai da na shiga jami'a aka gwada jinina aka ce AS ce ni, na zauna da littafi na zana gidaje huɗun nan da malaminku ya zana muku, sannan na gane abin da ya ɗauke mana yaron nan. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da bayoloji, kuma duk shekarar da na zo wannan babi shi nake tunawa.

Lissafin malaminku daidai ne, gwajin ma da alama daidai ne. Inda aka samu tangarɗa shi ne yadda ake faɗin lissafin. Ɗaya cikin huɗu na kowane ciki ne, shi kaɗai. Cikin bana bai san abin da na bara ya haifar ba. Uwa mai AS tana ba ɗa ko dai A, lafiyayyar ƙwayar gado, ko S, ta sikila, uba ma haka, kuma kowane karo sabon rabo ne. Ɗan da ya samu S daga duka biyun, wato SS, shi ne mai sikila.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibaina, ke ma ki gwada a gida. Ki samo ƙoƙo biyu, ɗaya na uwa ɗaya na uba. A kowanne ki zuba farin wake 50 da jan wake 50, ki gauraya. Farin shi ne A, jan shi ne S. Ki rufe ido ki ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowane ƙoƙo, ki rubuta abin da ya fito, ki mayar da su, ki sake. In kin yi sau huɗu kacal, za ki iya samun ja da ja sau biyu ko uku, za ki iya rasa shi gaba ɗaya. In kin yi sau ɗari biyu, za ki ga ja da ja ya tsaya kusa da kashi ɗaya cikin huɗu, fari da fari ma haka, gauraye kuma ya ɗauki rabi. Iyali ɗaya ɗauka uku ne ko biyar ko bakwai, shi ya sa lissafin ba ya fitowa sarai a gida guda. Yiwuwar a haifi masu sikila biyu a jere ga irin waɗannan ma'aurata ɗaya ce cikin 16. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da S, gidajen da wannan zai faɗa wa suna da yawa ƙwarai. Akwai mata da na sani da suka ce tunda na fari ya zo da ciwon, ukun da za su biyo baya sun tsira. Wannan fahimtar ta jefa mutane cikin baƙin ciki, ki taimaka ki gyara ta duk inda kika ji ta.

Wanda ya fara gano wannan tsari, Gregor Mendel, da wake ya yi aikinsa shi ma. Malamin coci ne a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka kusan tushe 28,000 na wani waken lambu da Turawa ke ci, yana barbara su da hannunsa yana ƙirgawa. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye, kamar gajarta ta ɓace. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa, sai ga gajeru sun dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku da ɗaya. Daga nan ya gane cewa kowane hali ƙwayar gado biyu ke riƙe da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata tana rinjaye wata tana laɓewa har sai ta haɗu da 'yar'uwarta. In Bahaushe ya ga ɗa bai ɗauko iyayensa ba ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma sau da yawa abin yana nan a jinin iyayen a ɓoye. Mendel ya wallafa sakamakonsa a 1866, ba wanda ya kula, ya mutu a 1884, sai a 1900 aka waiwayi aikin.

Yau mun san inda abin yake. A kusan kowace ƙwayar halittar jikinki akwai kuromosom 46, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, 23 daga Mama, 23 daga Baba. A kan na 11 ne ake da umarnin ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jajayen ƙwayoyin jini. Sashen nan sarƙa ce mai tubali 146. A jikin mai S, tubali na shida kaɗai ya canza. Wannan ɗan canjin shi ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje in iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya tashi. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana kusan 120, mai siffar lauje kuwa 10 zuwa 20 ta mutu, shi ne dalilin yawan ƙarancin jini da ƙarin jini a asibiti. Ki gaya wa yayarki ta riƙe asibitin masu sikila da kyau, yara su sha ruwa sosai, su kwana cikin gidan sauro, a rufe su lokacin sanyi, ta kuma tambayi likita game da maganin hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon.

Yanzu ki yi wa kanki wata tambaya. Ƙwayar gadon da ke kashe yara tun suna ƙanana, kamata ya yi ta ƙare da kanta a tsawon zamani. Me ya sa ta yi yawa a Najeriya har ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, alhali ba ta da yawa a ƙasashen sanyi? Amsar tana cikin babin da ƙawayenki ke ficewa daga aji dominsa.

A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa yara masu AS sun fi masu AA jure wa zazzaɓin cizon sauro. Suna kamuwa, amma nau'in mai tsanani, mai sa suma da kisa, bai cika kayar da su ba. Ki hango ƙauyen kakanninmu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ba asibiti ba gidan sauro. Damina ta zo, zazzaɓi ya kwashi masu AA da yawa, sikila ta kwashi masu SS, masu AS suka fi yawan kaiwa girma su yi aure su haihu. Haka S ta yi ta yaɗuwa daga tsatso zuwa tsatso a duk inda sauro ya yi ƙarfi. Wannan shi ne abin da Darwin ya kira zaɓin yanayi: 'ya'ya suna fitowa da bambance-bambance, ana gadon bambancin, wanda bambancinsa ya dace da wurin da yake shi ya fi barin zuriya.

Kin ga kenan rabin darasin a jikinmu yake. Ki tambayi mahaifiyarki labarin klorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa. Da shi muka tashi, kuma a lokacin yana aiki. A hankali ƙwayoyin cutar da suka iya jure masa suka tsira suka hayayyafa, waɗanda ba su iya ba suka mutu, har maganin ya daina ci, Najeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan zazzaɓi da ake kira ACT a 2005. Likitan da bai fahimci wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake nacewa majiyyaci ya shanye maganinsa har ƙarshe ba. Manomi ma da ke ware zangarniyar gero mafi kyau ya rataye a matsayin iri, da makiyayin da ke zaɓen ragon da zai bari a garke, su ne suka fitar mana da Balami da Uda da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Darwin da kansa da irin wannan ya buɗe littafinsa na 1859, kuma tantabaru ya kiwata a gidansa yana nazarin yadda masu kiwo ke fitar da launi da siffa iri-iri daga tsatso ɗaya.

Saura maganar biri, kuma ba zan yi miki rufa-rufa ba. Littafinku bai ce birin da kike gani a daji ya rikiɗa ya zama mutum ba. Abin da masana fannin suke faɗa shi ne mutum da cimfanzi, ɗaya daga manyan birai, sun haɗa kaka ɗaya da ya rayu shekaru miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, kuma suna kafa hujja da kamannin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, da ƙasusuwan da ake tonowa. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa ma a maƙwabciyarmu Chadi aka same shi a 2001, a hamadar Jurab, wani ƙoƙon kai da aka sa wa suna Tumai. Kusan duk masana ilimin halittu a duniya sun tafi a kan wannan bayani. A nan ne kuma ake samun karo da abin da aka karantar da mu game da halittar Annabi Adamu, alaihis salam, kuma damuwar ƙawayenki daga son addininsu ta fito, kada ki raina su.

Ni Musulma ce, na yi imani Allah ne mahaliccin komai, na yi imani da abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Adamu, kuma na koyar da babin nan shekara da shekaru ban bar aji ba. Malaman addini da dama da suka yi nazarin batun ba su ga laifi a maganar sauyawar tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin cuta ba, inda suke tsayawa shi ne asalin ɗan Adam. Fatawa ba aikina ba ce. Ki kai tambayar wurin malamin da kika amince da iliminsa, amma ki je masa da ainihin abin da littafin ya ce, kada ki je da jita-jitar ɗakin kwana. A jarrabawa kuwa, abin da za a tambaye ki shi ne ki bayyana ra'ayin Darwin ko na Lamarck, wani masanin da ya gabace shi, ko ki kawo hujjojin da masana ke bayarwa. Kawo maganar mutum daidai yadda ya faɗe ta amana ce ta ilimi, malamanmu na fiƙihu ma suna kawo ra'ayin da ba su bi ba kafin su yi bayani a kansa.

Ki zauna a aji, ki jawo ƙawayenki su zauna. Sannan tunda yayarki AS ce, akwai S a gidanku, ki je a gwada jininki tun yanzu a asibitin da aka yarda da shi, tun kafin zuciya ta kama wani. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, amma gwajin da aka yi bayan an sa rana an kai lefe yana zuwa a makare.

*

Malama, kullum ina rikita Lamarck da Darwin, dukansu da raƙumin dawa ake ba mu misali. Ki taimaka mini da hanyar da zan riƙe.
Ɗalibi daga Azare

Ɗana, ka bar raƙumin dawa tukuna ka dubi gida. Lamarck, Bafaranshe, ya ce a 1809 abin da jiki ya samu a rayuwa ta hanyar amfani ko rashin amfani, 'ya'ya suna gadonsa. To kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru ana yi musu tsagar gado a fuska, ana huda wa 'ya'ya mata kunne, amma har yau kowane jariri da lafiyayyar fuska yake zuwa, sai wanzami ya sa aska. Ɗan maƙeri ma ba ya fitowa da damtsen ubansa. Abin da ya sami fata da tsoka ba ya shiga ƙwayar gado.

Yanzu koma kan raƙumin dawa. A wurin Lamarck, miƙa wuya ya yi ta yi har wuyan ya ƙaru, ɗansa ya gada. A wurin Darwin, tun asali akwai masu dogon wuya da masu gajere a garken, da abinci ya yi wuya masu dogon suka kai ga ganyen sama suka rayu suka haihu. In tambaya ta zo, ka nemi inda bambancin ya fara: in bayan ƙoƙarin dabbar ne, Lamarck ne, in da shi aka haife ta, yanayi ya tace, Darwin ne. Ka rubuta kowanne da misalinsa a layi uku, ka karanta wa abokinka da baki har sai ka iya faɗa ba tare da duba takarda ba.