Ta Yaya Zan Kashe Karar Sakon Tes?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi. Sakonnin talla sun hana ni barci, amma idan na sa waya a shiru gaba daya, kiran abokan ciniki yana wuce ni. Tecno nake rike da ita. Mene ne mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Karar kira daban, ta sako daban, kowacce da wurin saita ta.

Dora yatsa a kan alamar Messages ka rike, ka shiga App info, sannan Notifications, ka mayar da sakonni masu shigowa zuwa Silent. Sako zai shigo, ba kara ba jijjiga, kira kuma yana nan yadda yake. Sunayen kan dan bambanta daga waya zuwa waya.

Kada dai ka kashe babban maballin da ke saman shafin Notifications, mai rufe duk sanarwar sakonni. Wannan shi ne kuskuren da ke cutar 'yan kasuwa: sanarwar shigar kudi daga banki da lambar sirrin tabbatar da ciniki duk ta wannan kofa suke biyowa, sai su shigo ba ka gani ba, lambar kuma cikin 'yan mintuna take mutuwa. A ganinmu gara ka bar karar banki, ka bude sakon mai damunka kadai, ka taba digo ukun da ke saman allon, Details, Notifications, Silent.

Tallan kamfanonin layi kuwa, tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar kula da sadarwa ta kasa, NCC, ta tanada. Idan layi biyu gare ka, tura daga kowanne.