Jari a Man Kanumfari Don Feshin Tumatir

Wani mai shagon magungunan feshi a Kura, jihar Kano, ya aiko da tambaya cewa ya ji man da ake tatsa daga kanumfari da sauran tsirrai masu ƙamshi yana kashe ƙwayoyin bakteriya da ke addabar tumatir, kuma yana so ya zuba jarinsa a harkar kafin noman rani ya kankama a Kadawa.

Alhaji, abin da ka ji yana da tushe, domin sinadarin yujinol da ke cikin man kanumfari yana huda fatar ƙwayar bakteriya har ta mutu, kuma an sha tabbatar da hakan a ɗakunan gwaji. Sai dai abin da ya yi aiki a farantin gwaji yakan gaza a gona. Wannan mai ba ya haɗuwa da ruwa sai an saka masa mahaɗi, zafin rana yana ɗauke shi da wuri, in kuma aka cika shi a tankin feshi sai ya ƙone ganyen. Ga shi cutar da ke sa tumatir ya yi yaushi rana ɗaya alhali ganyensa kore shar, wadda ƙwayar Ralstonia ke haddasawa, a ƙasa take zaune, ta saiwa take shiga, don haka feshin ganye ba ya cim mata. Ko Tarayyar Turai da ta amince da yujinol a matsayin maganin feshi a 2013, don cutar fumfunar inabi aka fi amfani da shi.

Lissafin kuɗin ma bai goyi bayanka ba. Kanumfari daga Zanzibar da Madagaska da Indunusiya ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, manomin da ya saba da maganin jan ƙarfe mai araha kuwa ba zai biya ninkinsa ba. Sannan doka ba ta yarda ka sayar da shi a matsayin maganin feshi ba sai hukumar NAFDAC ta yi masa rajista.

Shawarata ita ce ka bar jarinka a hajar da ka sani. Ka sayi lita ɗaya kacal, ka samu manoma biyu cikin amintattun abokan cinikinka su fesa a kunya biyar su bar biyar, ku rubuta yawan kwandunan da kowane ɓangare ya bayar. In sakamakon bai gamsar ba, masu haɗa sabulu da turare a Kano za su sayi ragowar man.